Masu Cin Baƙin Mai a Gidan Mahama

Alabar, Kumasi
Watan Muharram

Zuwa ga ɗiyata Ummul-Khair a Zariya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, karatu kuma yana tafiya. Mu nan lafiya lau, sai gwiwa da kunne. Kunnen ne ya mai da ni ga alƙalami, don in kin kira ni a waya ba na jin komai sai kamar ƙuda a cikin kwalba. Hajiya Barkisu mai goro ta ce duk tafiyar da za ta yi Kano ta Zariya take bi, za ta riƙa kai miki takarda tana karɓo amsa. Da ajami na rubuta, tunda shi na iya kuma shi na koya miki. Ke ma ki amsa da shi.

Magana biyu ce. Ta farko, rijiyarmu ta ɓaci. Tun tsakiyar damina in an jawo guga sai a ga wani abu mai launi-launi yana yawo a saman ruwan, ga wari irin na garejin Magazin, unguwar makanikai. Kin tuna filin nan na bayan ɗakuna, inda mijina marigayi Mahama yake gyara motocin abokansa in ya taso daga aiki? Duk baƙin man da ya tsiyaye daga inji, nan ƙasa ta shanye shi, shekara da shekaru. 'Yan tankas masu duba tsafta sun zo sun sunsuna, suka ce kar kowa ya ƙara taɓa ruwan. Malam Abdulsalam, ƙanin Mahama, ya ce a zuba siminti a kan filin da rijiyar gaba ɗaya a huta. Ni kuwa da ruwan nan nake wanke tukwanen kokon da nake sayarwa, kuma rabin layinmu nan suke ɗiba.

Ta biyu ita ta fi hana ni sukuni. Ranar da kika kira, kalma ɗaya ce ta shiga kunnena sosai: ƙwayoyi. Na ji kin ce kullum kina tare da ƙwayoyi, har ba kya samun cin abinci saboda su. Ummu, tun kina goye na karɓe ki da yayana ya rasu. Na ga abin da ƙwaya ta yi wa samarin tashar Kejetia. Ki gaya mini gaskiya. Ban faɗa wa kowa ba, ko Hajiya ba ta san abin da ta ɗauko ba.

Taki,
Mma Salamatu

Samaru, Zariya
Agusta

Zuwa ga Mma,

Wa alaikumus salam. Na sami takardarki, ina lafiya ƙalau, Allah ya sawwaƙe gwiwar da kunnen. Mma, na yi dariya har na riƙe ciki, daga baya kuma na zauna na yi kuka, da na tuna tsawon lokacin da kika ɗauka da wannan tunanin ke kaɗai. Wallahi ban taɓa shan komai ba.

Ƙwayoyin da nake nufi wasu halittu ne ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Sunansu bakteriya. Mutane sun saba ce musu ƙwayoyin cuta, amma yawancinsu ba sa cutar da kowa. Ke ma kin daɗe kina aiki da su ba ki sani ba: su ne suke sa ƙullun kokonki ya yi tsami in ya kwana. To akwai irin da abincinsu mai ne. Suna cin baƙin mai su mai da shi ruwa da iska. A kansu nake bincike, ina kiwonsu a kwalabe ina ba su ruwan dattin masana'antu.

Ba sai na aiko miki da su ba. Duk ƙasar da ta daɗe da mai suna cikinta, sai dai ba su da ƙarfi, don ba iska kuma ba abin haɗawa. Ga yadda za a yi. A haƙe ƙasar da ta yi baƙi, a tara ta a kan tamfol nesa da rijiya. A gauraya ta da garin katako da busasshen kashin kaji, kamar buhu uku. A yayyafa ruwa ta yi danshi, ba ta jiƙe sharkaf ba. Duk Juma'a a juya ta da shebur, a rufe in hadari ya taso. Abin zai ɗauki watanni.

Rijiya kuwa a bar ta tukuna, ko alwala kar a yi da ita. Ki roƙi Baba Malam ya dakata da siminti. In aka rufe ƙasar yadda take, man zai ci gaba da gangarawa ta ƙasa har rijiyoyin maƙwabta.

'Yarki,
Ummu

Alabar
Watan Safar

Ɗiyata,

Bayan sallama da gaisuwa. Alhamdu lillahi, hankalina ya kwanta a kan maganar ƙwaya, ki yafe mini zato. Gwiwa da sauƙi.

Amma Ummu, na karanta takardarki har ta fara yagewa, ban gane ba kuraa, ko kaɗan. Kin ce suna nan a gidanmu. Wa ya kawo su? Tun yaushe? Mahama ya san da su? In kuma su ne na cikin koko, me ya hana in kwarara ƙullu a filin kawai?

Duk da haka na yi yadda kika ce. Brimah, wanda ya koyi aiki a hannun Mahama, yanzu shi ma masta ne da garejinsa a Magazin, shi ya kawo tamfol da mutum biyu suka haƙe. Garin katako bai yi wuya ba, aboboya guda, babur ɗin kaya mai ƙafa uku, aka kawo mini daga wurin masu yanka katako. Ƙashin kaji ne ya ba ni wahala paa. Na bi masu wakye, wato shinkafa da wake, da masu soya kaji tun daga Alabar har bakin Kejetia da bokiti, ina roƙon su tara mini abin da masu ci suka bari. Wata ta tambaye ni, "Mma, kare kika saya?" Har yau buhu ɗaya bai cika ba. Na soye suka fi so ko na miya? A daka ko a bar shi haka?

Tun da na zuba, kuliyoyin unguwa duk sun tare a gidanmu, ga ɓeraye, jiya har angulu biyu na gani a kan kwano. Warin ya fi na da.

Akwai kuma abin da ya fi wannan. Ayisha maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga ta tambayi me nake binnewa. Don ta natsu sai na ɗauko takardarki na karanta mata. Ashe daga duk karatun abin da ta riƙe shi ne "ƙwayoyin cuta" da "ina kiwonsu". Kafin azahar labari ya kai masallaci cewa ɗiyata ta aiko mini da cuta daga Najeriya ina kiwo a bayan ɗaki. Sai ga jikar Ayisha ta kwanta da zazzaɓi. Yau koko rabin tukunya ya ragu, ni da ban taɓa mayar da ko ludayi ɗaya cikin gida ba. Mata suna wucewa suna ja wa yaransu hannu.

Ki gaya mini tsakani da Allah, ba su ne suka tsallaka katanga ba?

Mma Salamatu

Alabar
Watan Rabi'ul Awwal

Ummul-Khair,

Sallama. Muna nan da rai. Ban ga amsarki ba, ban kuma ga Hajiya Barkisu ba. Mutanen gidanta sun ce ciwon ƙafa ya kwantar da ita a Kano. Wannan takardar wani direban babbar mota na ba, ban sani ba ko za ta same ki.

Na ji kiranki ranar Asabar. Kina ta ihu "ƙashi, Mma, ƙashi," ni kuma na ce miki na ƙara, na ƙara. Ban san me ya sa kika fashe da kuka ba. Buhu na biyu ya kusa cika, ina iya ƙoƙarina.

To amma me kika yi wa Malam Abdulsalam? Ya shigo gidan nan fuska a murtuke, ya ce kin kira shi yana zaune cikin mutane a ƙofar masallaci, waya a buɗe kowa na ji, ko gaisuwa ba ki gama ba kika hau maimaita masa wata kalmar ƙazanta. Ya ƙi faɗa mini kalmar. Ya ce, "Yarinyar nan a bincike ta, ba a cikin hayyacinta take ba." Ummu, tunanin da na kora ya dawo mini. Na kasa haɗa yarinyar da ta rubuto mini takarda mai hankali da wadda take zagin ƙanin mijina a waya.

Jikar Ayisha tana asibiti. Ayisha ba ta amsa sallamata. Na daina dama koko, tunda ba mai saya. Malam ya ce da an gama Maulidi zai kawo masu siminti, a mayar da ƙasar cikin raminta a rufe da ƙasusuwan da komai. Ban da bakin hana shi. Da safe ina fita in tsaya a kan tarin ƙasar nan in zuba ido, ba na ganin abin da yake motsi sai tsutsa. Su ne tsutsar? Kin ce ido ba ya ganinsu.

In kina cikin wata damuwa, ki bar karatun ki dawo gida. Ba wanda zai tambaye ki komai.

Mma

Samaru
Oktoba

Mma,

Sallama da gaisuwa. Lafiyata ƙalau, hankalina kuma yana jikina, na rantse. Takardunki biyu sun same ni, amsar da na ba Hajiya kuwa tana can Kano a cikin jakarta. Wannan na ɗauki hotonta na tura wa ƙawata Latifatu, wadda muka yi sakandare tare, yanzu tana aiki a ɗakin gwaji na jami'a nan Kumasi. Za ta buga ta a takarda ta kawo miki hannu da hannu.

Mma, ba ƙashi ba. Ba abin da ake tauna a jefar ba. Kashi, abin da kaza take yi a akurki, taki irin wanda masu lambu suke zubawa. Da harafin kaf na rubuta, ba ƙaf ba, amma na manta a bakinmu na Zango duk ɗaya muke faɗinsu, kuma ban taɓa ganin kin kula da bambancin a rubutu ba. Laifina ne, da na ce taki da duk wannan bai faru ba. Abin da nake ta ƙoƙarin gaya wa Baba Malam ke nan don ya isar miki, layi yana yankewa ina maimaitawa, sai ya kashe waya. Ki ba shi haƙuri kafin in rubuta masa da kaina.

A tsince ƙasusuwan duka a kai bola. Tsutsa ba su ba ce, ta ƙuda ce. Ƙullun koko kuma ba zai yi ba, don na koko dangi ne daban, gero da masara suka iya ci, ba mai ba. Ba wanda ya kawo su gidanmu, Allah ne ya halicce su a cikin ƙasa tun asali. Kuma ba sa tsallaka katanga su kama mutum. Ki sa a tambayi asibiti abin da ke damun yarinyar.

Na yi kuka a waya ne don na hango ki da bokiti kina bin rumfuna da wannan gwiwar, saboda harafi ɗaya nawa. Ki bar Latifatu ta yi magana da matan layi. Ta fi ni iya baki.

Ummu

Alabar
Watan Jimada Awwal

Ɗiyata Ummu,

Bayan sallama. Muna lafiya. Hajiya Barkisu ta warke ta dawo, ta kawo mini tsohuwar takardarki, na karanta abin da na riga na sani.

Da Latifatu ta karanta mini maganar kaf sai na zauna a kan turmi na rufe fuska da mayafi. Kunya ta hana ni dariya, dariya ta hana ni kuka. Malam kuwa da ya ji, sai ya ce, "To ai da ta ce taki." Daga nan ya kawo wata sabuwa: wai ya halatta a tara najasa a gidan da ake salla? Ya tafi ya duba littattafansa, ya dawo ya ce kashin abin da ake cin namansa ba najasa ba ne a mazhabarmu, muddin ba ƙazanta yake ci ba. Shi da kansa ya raka Brimah gonar kaji ya ga abin da ake ba su, sannan ya yarda. Ya ɗaga siminti zuwa bayan azumi.

Jikar Ayisha zazzaɓin sauro ne, ta warke. Latifatu ta tara mata a tsakar gida, ta nuna musu hoton abubuwan a waya, kamar ƙananan sanduna suna iyo. Ta ce irinsu suna cikin nono, suna cikin kowa ma. Ayisha ta ce, "A cikina? Ni dai ban da su." Aka yi dariya. Wasu sun dawo sayen koko, wasu har yau ta wancan gefen titi suke bi.

Yanzu ga abin da ya ruɗa ni. Ranar Juma'a na sa hannu cikin tarin ƙasar kafin a juya, sai na ji zafi, kamar jikin mai masassara. Da sassafe har tururi yake yi. Ba rana ba ce, don ƙarƙashin tamfol yake. Na tsorata. Na ce ko ba su da lafiya ne, ko kuwa wuta ce za ta tashi, tunda mai ne. Na rasa wanda zan yi, sai na yi duka biyu: na ajiye bokitin ruwa a kusa, na kuma lulluɓe su da tsohon bargo. Wanne ne daidai?

Mma Salamatu

Samaru
Afrilu

Mma,

Barka da Salla, Allah ya karɓi ibada. Ina lafiya, na kusa gama rubutun bincikena. Na ji daɗi da Latifatu ta ce ta gaya miki tun tuni cewa zafin nan alamar suna cin abinci ne, kamar yadda mai aiki yake gumi, kuma kin janye bargon.

Ta aiko mini da sakamakon gwajin ƙasa da na ruwa. Zan faɗa miki yadda yake, ba zan yi miki ado ba.

Ƙasar ta yi kyau fiye da yadda na zata. Yawancin man ya tafi. Za a iya mayar da ita raminta, ba za ta ƙara tsiyayar da komai zuwa rijiyoyin maƙwabta ba. Amma kar ki shuka abin ci a wurin, ko alayyafo. Tsohon man inji yana ɗauke da dalma da wasu ƙarafa, su kuma bakteriya ba sa cin ƙarfe.

Rijiyar kuwa, Mma, ba ta tsira ba. Man ya riga ya shige can ƙasa cikin bangonta, inda shebur ba ya kaiwa kuma iska ba ta shiga. Akwai hanyoyin gyara irin wannan, amma aikin manyan injina ne da shekaru, ba na gida ɗaya ba. Ruwan ba na sha ba ne, ba na wanki ba ne. A kan rijiya, Baba Malam ya yi gaskiya, a rufe ta.

Na san don rijiyar kika fara duk wannan. Na daɗe da alƙalami a hannu kafin in iya rubuta miki. In kin ji haushina, kina da hujja.

Ummu

Alabar
Watan Zulƙida

Ɗiyata Ummul-Khair,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, ruwa yana ta sauka. Ban amsa da wuri ba don ban san abin da zan ce ba. Na yi fushi, amma na rasa da wa.

An rufe rijiya. Ni na ce a kira masu simintin, ban jira Malam ba. Matan layi sun zo sun tsaya, har da Ayisha. Da aka ɗora murfi Ayisha ta ce, "Da ruwan nan aka yi wa 'ya'yana duka wankan jego." Sai ta kama hannuna, muka shiga ciki ta taya ni tace ƙullu. Yanzu muna haɗa kai mu ja famfo zuwa bakin layi.

Kafin a mayar da ƙasar raminta na ɗebo da hannu na sunsuna. Ƙamshin gona take yi, ta yi laushi, ba ta manne wa yatsa. Har yanzu ban gane yadda abin da ban taɓa gani ba ya cinye abin da na gani da idona. Na daina ƙoƙarin ganewa.

Amma wani abu ya tsaya mini a rai. Na tambayi Latifatu, yanzu da man ya ƙare, me za su ci? Ta ce yawancinsu za su mutu, kaɗan su rage. Haka ta faɗa tana duba waya. Ummu, wata da watanni ina ba su ruwa, ina sa a juya su, ina fita da gudu in rufe su in hadari ya taso. Sun yi mana aiki ba su nemi komai ba. Sai kuma in bar su da yunwa?

Saboda haka na cika buhu biyu da ƙasar, daga tsakiya inda ta fi ɗumi a da, na hau trotro, motar haya, da su zuwa Magazin. Yaron mota ya tambayi me ke ciki, na ce baƙi ne. Bayan garejin Brimah ƙasa baƙa ce wuluk, ƙafa har nutsewa take yi. Na sa ya haƙe, ya shimfiɗa tamfol, muka gauraya tamu da tasa. Na gaya masa taki, na maimaita masa taki, na sa ya faɗa da bakinsa. Makanikai suka taru suna kallo, biyu sun ce in ta yi su ma a ɗibar musu.

Ban tambaye ki ba kafin in yi, don kar ki ce a'a. In kuskure ne ki rubuto, da manyan haruffa. Ran Juma'a zan koma in sa hannu in ji ko sun yi ɗumi.

Taki,
Mma Salamatu